Disleksiya: Shahararrun mutanen da aka taɓa yi wa kallon daƙiƙai a aji

Da sanyin safiya hanyar Ƙofar Nassarawa cike take da 'yan makaranta, wasu a ƙafa, wasu a adaidaita sahu. A wajen wannan ƙofa, a unguwar Nassarawa, Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909.

Fiye da shekara 100 bayan nan, da wuya a rasa yaro irin wannan a aji: ya iya lissafin canji, ya iya ba da labari, amma da an ce ya karanta layi ɗaya sai ya kafe. Sunan da aka fi kiransa da shi shi ne daƙiƙi, maganin da aka fi yi masa kuwa bulala.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da larurar da ake kira disleksiya.

Mece ce disleksiya?

Matsala ce da ke sa ƙwaƙwalwa ta sha wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, don haka karatu da rubutu suke yi wa mutum nauyi. Ba ciwon ido ba ce, ba kuma ƙarancin basira ba ce, sannan takan bi jini a cikin dangi.

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya wallafa bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa koyon karatu. Ƙungiyar masu disleksiya ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 10 na da ita.

Waɗanda suka yi fama da ita

Muhammad Ali ya gama sakandare a birnin Louisville na Amurka a 1960 yana na 376 cikin ɗalibai 391. A shekarar ce kuma ya ci lambar zinare a damben Olamfik a birnin Rum. Matarsa Lonnie ta bayyana cewa disleksiya ce ta sa karatu ya yi masa wuya.

Maggie Aderin-Pocock, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta yi fama da larurar tun tana yarinya a Landan, kuma ta yi makarantu 13 kafin ta girma. Ta yi digirin digirgir a Imperial College, kuma tun 2014 tana cikin masu gabatar da shirin BBC kan taurari mai suna The Sky at Night.

Carol Greider ta samu ƙaramin maki a jarrabawar neman gurbin karatun digiri mai zurfi, har yawancin jami'o'in da ta nema suka ƙi ɗaukarta. A 2009 ta samu kyautar Nobel a fannin likitanci.

Richard Branson, mai kamfanin jiragen Virgin Atlantic da ke zuwa Legas, ya bar makaranta tun yana matashi. Shi kuwa Steven Spielberg, mai shirya fina-finai, sai da ya kai kusan shekara 60 aka gano abin da ya dame shi tun yarinta.

Masu kallon fina-finan Indiya za su tuna Taare Zameen Par na Aamir Khan, wanda ya fito a 2007, labarin Ishaan, yaron da iyayensa suka tura makarantar kwana saboda sun ɗauka taurin kai ne ke damunsa. Jarumi Abhishek Bachchan ma ya yi fama da larurar yana yaro.

Abin da ya kamata iyaye su lura

Larurar ba ita ta ba waɗannan mutane ɗaukaka ba. Kowannensu ya samu wata ƙofa da ya nuna bajintarsa. Yaron da aka cire daga makaranta bayan ya maimaita aji sau biyu ba lallai ya samu irin wannan dama ba.

Ga yaron Kano kuwa nauyin ya ninka, domin yakan koyi karatu da Hausa da Turanci da Larabci lokaci guda. Mai disleksiya zai iya haddace sura da ka, amma ya kasa nuna baƙaƙenta a allo.

Alamomin sun haɗa da jinkiri wajen gane haruffa, tsallake kalmomi, rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi daban-daban a shafi guda, da tsoron karatu a gaban aji. Rikita b da d abu ne da ƙananan yara da yawa ke yi, sai in ya daɗe ne yake zama abin dubawa.

Ba a shan magani a warke, amma koyarwa tana sauya lamarin: a bi sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya, yaro ya ji, ya furta, ya zana da yatsa a yashi, a kuma ƙara masa lokaci a jarrabawa. Da wuri aka fara, ya fi amfani.

Matakin farko shi ne a gwada idonsa da kunnensa a asibiti. In lafiyarsu ƙalau, sai a zauna da malaminsa, a kuma nemi shawarar masana, kamar na Sashen Ilimi na Musamman da ke Jami'ar Bayero. Kafin nan, a ajiye bulalar.