Fitila Ta Dushe, Dukiya Na Cikin Haɗari

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa loda shanu daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Legas ya san yawancin tafiyar da dare ake yinta, don rana tana galabaitar da dabbobi. To, mu nawa ne ke duba fitilun mota kafin lodi?

Fitilar tsofaffin motoci gilashi ce. Ta yawancin motocin yanzu kuwa roba ce mai ɗan shafen kariya a samanta. Rana da ƙura su ke cinye shafen, sai fuskar ta yi rawaya, hasken ya kasa nisa. Direba ba ya ganin rami ko jaki sai ya iso kansa, ya danna birki, shanu su faɗa wa juna, wata ta karye. Asarar ta mai dukiya ce.

Gyaran bai kai kuɗin sabuwar fitila ba. A wanke ta da sabulu, a rufe fentin gefe da tef. A goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa lamba 800, sai 1500, sai 3000, ana zuba ruwa. Sannan a murza man goge fenti har ta washe. Ƙarshe a fesa ruwan kariya daga rana, in ba haka ba 'yan watanni kaɗan ta koma gidan jiya.

Kul, kada fetur ko tina su taɓa ta, suna tsattsaga roba. In kuwa raɓa ce a ciki, guga ba ya magani, sai a toshe inda ruwa ke shiga.

Allah ya kiyaye hanya, amin.