Hunturu da Kuɗin Itace a Maikujera

Da zarar Disamba ta kama, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da ƙurar Hamada, akwai maganar da magidanci a Maikujera yake ji kusan kullum kafin ya fita: "Maigida, icce ya ƙare." Damin da ke kai mako guda da bazara, a hunturu da ƙyar yake ganin kwana huɗu. Ga girki, ga ruwan wankan yara, ga ruwan alwalar asuba, ga kaskon da tsofaffi ke jin ɗumi. Kananzir da gas sun fi ƙarfin talaka, musamman tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Wutar lantarki kuwa ba abar dogaro ba ce a ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo. Dajin da a da ake aika yara su yo itace kyauta, yau babba ma sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya shiga, saboda 'yan bindiga.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, mafi yawan itacen da muke saye ba mu ne ke morarsa ba. Murhun duwatsu uku da muka gada, idan aka hura shi a tsakar gida, abin da ke isa gindin tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin wutar ba. Sauran iska ke kwashewa, kuma babu lokacin da ta fi kwasa kamar hunturu. Dubi harshen wuta da safe, yadda yake kwanciya gefe guda yana lasar dutse maimakon tukunya. Kuɗinka ne ke bin iska.

Maganin wannan yana cikin yumɓun fadama, wanda ba a rasa shi a bakin Gulbin Rima ko Gulbin Sakkwato. A kwaɓa shi da ɓuntun shinkafa ko kashin jaki kamar yadda magina ke yi, a kewaye duwatsun da shi har ya rufe rabin tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta saka itace, wadda ba ta kallon inda iska ke fitowa. A bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsa tsakanin bango da tukunya don hayaƙi ya sami hanya. A bari ya bushe a inuwa kwana biyar ko shida kafin a hura, in ya tsage a shafe. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera ingantattun murahu, kuma dabarar dai ita ce wannan: a tsare wuta, a tilasta mata bin jikin tukunya. Matar da ke girki a irin wannan murhu itace biyu ko uku take zurawa, ba ta cika shi fal.

Sai ɗanyen itace. Kusan rabin nauyin sabon sare ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙone wannan ruwa tukuna ta dafa maka komai. Shi ya sa yake kuka yana kumfa a baki, yana cika gida da hayaƙi. Wanda ya saye shi don ya fi araha, ruwa ya saya. A faskara itace ƙanana, a jingine shi a rana, hunturu kansa zai busar da shi cikin makonni. Karan gero da na dawa suna da amfani wurin tashin wuta, amma ni ban goyi bayan a share gona tas a ƙone komai ba, domin karan da aka bari ne ke tare ƙasa kada iska ta tafi da ita.

Wake da ya kwana a ruwa ba ya cin wuta kamar busasshe, tukunya mai murfi kuma ta fi saurin tafasa. Waɗannan kowace uwargida ta sani. Wanda ba kowa ya sani ba shi ne, shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo, a cusa cikin kwando da aka cika da ɓuntu. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. A ƙasar da ake noman shinkafa daga fadamar Wurno har ƙasan madatsar ruwan Goronyo, ɓuntu tuli yake a bakin injin casa.

Ruwan wanka ma rana na iya ɗaukar rabin aikinsa. Baƙar jarka da aka ajiye tun hantsi a inda iska ba ta bugawa, kafin la'asar ta yi ɗumi, ko da akwai hazo. A mayar da wankan yara lokacin. Na asuba kuma a zuba a filas tun dare, daga wutar tuwo.

Game da ɗaki, kakanninmu sun fi mu dabara. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana shan zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa da dare. Mu kuwa mun koma bulo da kwano ba silin, ɗakin da ke gasa mutum a watan Afrilu, ya daskarar da shi a Janairu. Wanda ba shi da halin silin, ko tabarmi ko zana ya ɗaure ƙarƙashin kwanon zai ji bambanci. A toshe tsakanin rufi da bango, a saki asabari a ƙofa, a shimfiɗa buhu ko kwali ƙarƙashin tabarma, don siminti na zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda ake zato. Yaro da hula da safa da gwado ba ya neman wuta.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ke kai mutane kushewa. An toshe ko'ina, sai a shigo da kaskon gawayi, a ja ƙofa, a kwanta. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuma ba ya farkawa balle ya nemi taimako. Rashin hayaƙi ba shaida ba ce cewa kasko ba shi da haɗari. Haka janareta da aka tayar a zaure ko kusa da taga. In za a ɗumama ɗaki, a yi tun da magariba, ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta, a kashe shi da ruwa ko ƙasa nesa da danni da rumbu, domin tartsatsi ɗaya ya ishi zana a irin wannan iska.

Idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda duk suna kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma da wuta aka kwana, kada a tsaya cewa mura ce ko iskokai. A buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa fili, wanda ya galabaita ko ya suma a nemi abin hawa a kai shi asibiti a Rabah ko Wurno nan take, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa da gawayi aka kwana.