Girkin Babbar Sallah: Kada Ki Kashe Kanki, 'Yar Uwa

Bara ranar Sallah na tarar da yayata tana hawaye a kicin, kuma ba hayaƙi ne ya sa ta ba. Dangin mijinta sun cika falo, miya ba ta nuna ba, ko lalle ba ta samu ta ƙunsa ba. Wallahi ta ban tausayi, amma ita ta jawo: so ta yi ta yi komai ita kaɗai don a ce amarya ta iya.

'Yar uwa, aikin 10 ga Zulhajji tun 7 ga wata ake fara shi. Cincin da dubulan ba sa saurin lalacewa, ki soya ki rufe a bokiti. Markaɗen tattasai da tumatir ki kai da wuri, ki tafasa har ruwan ya tsotse, don ranar jajibere layin inji sai ya kai ki magariba, in ma ba a ɗauke wuta ba. Ƙullun waina ya kwana ya tashi.

Nama kuwa, wa ya ce dole a soye shi a ranar? Kayan ciki kawai ki gyara, sauran a rataye ya sha iska, washegari a yi suya a nutse.

Sannan ki buɗe baki. Ƙanwar miji ta ci kwalliya ta zauna? Ki ce, "Anti, don Allah kama mini yankan albasa." Abinci kala biyu ma ya isa. Su Hajiya tuwon shinkafa da miyar taushe suke yi, kowa ya ci ya kora da zoɓo.