Maganin da aka gwada a ƙauyukan Doso da Tawa don rage mutuwar yara ƙanana

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, kowa ya san gonar gwaji. Malamin gona yakan raba fili gida biyu, ya shuka iri ɗaya a rana ɗaya, ya zuba wa ɓangare guda taki, ya bar ɗayan haka nan. In kaka ta yi, sai a ɗaure hatsi a ƙidaya dammuna a gaban kowa. Daga nan gardama ta ƙare. Masu binciken kiwon lafiya su ma da wannan dabara suke aiki in suna so su san ko wani magani yana da amfani. Irin wannan gwaji ne aka yi a ƙasarmu Nijar har sau biyu, a kan wani magani mai suna azitromisin. Abin da aka ƙidaya kuwa ya fi dami nauyi, don rayukan yara ne.

Yaya aka fara?

Azitromisin maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. An daɗe ana raba shi gari gari don yaƙi da ciwon idon nan da ake kira amodari, wanda in ya daɗe yake juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum. A ƙasar Habasha, masu bincike suka lura da wani abin da ba shi suka fita nema ba: garuruwan da aka raba wa maganin don ido, mutuwar yara ta ragu a cikinsu da kusan rabi. An buga wannan labari a 2009. To amma garuruwan ba su da yawa, kuma shekara guda mai albarka ba ta isa a yabi iri. Sai aka ce a sake gwadawa a fili mai faɗi.

Masana na Jami'ar Kaliforniya da ke Amurka suka haɗa kai da ma'aikatun kiwon lafiya na ƙasashe uku: Nijar, Malawi da Tanzaniya. Aka sa wa aikin suna MORDOR. Aka fara a ƙarshen 2014, aka gama a 2017. Garuruwa 1,533 suka shiga, da yara wajen 190,000, daga mai wata 1 zuwa mai wata 59, wato wanda bai cika shekara 5 ba. A nan Nijar an yi aikin a gundumomin Boboye da Loga, cikin jahar Doso.

Yadda aka yi gwajin

Da farko aka bi gida gida aka rubuta sunan kowane yaro da lokacin haihuwarsa. Sannan aka jefa ƙuri'a aka raba garuruwan gida biyu. Rabi aka ba yaransu azitromisin, sha ɗaya tak, duk bayan wata 6, har sau huɗu. Ɗaya rabin aka ba su wani ruwa mai kama da maganin a ido da a baki, amma babu magani a cikinsa. Mu kira shi fanko. Uwar yaro ba ta san wanne aka ba ɗanta ba. Mai rabon shi ma bai sani ba, haka nan mai ƙidayar. Duk bayan wata 6 a komo da littafi a tambaya: wane yana nan? Ya ƙaura? Ko ya rasu?

Me ya sa aka yi ƙuri'a? Da an bar mutane su zaɓa, da garuruwan bakin hanya, masu gidan likita da rijiyar famfo, su za su fara samu. In yaransu suka rayu, wa zai iya cewa maganin ne, ba ruwa mai kyau ba? Ƙuri'a ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san talaka ba. Ita ke sa ɓangarorin biyu su yi daidai a komi, in ban da maganin.

Na san wani zai ce: ashe ba zalunci ba ne a ba ɗan mutum fanko? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a share ta ba. A lokacin babu wanda ya tabbata maganin zai amfana, yana ma yiwuwa ya cutar. An nemi yardar masu gari da ta iyaye kafin a ba yaro, kuma ba a hana kowa zuwa gidan likita ba in ɗansa ya kwanta. Daga baya, garuruwan Doso da suka sha fanko su ma aka ba su na gaskiya a shekara ta uku.

Abin da ƙidaya ta nuna

An bayyana sakamakon a 2018. In aka haɗa ƙasashen uku, mutuwar yara ta ragu da kashi 13 da rabi cikin 100 a garuruwan da suka sha maganin. Amma ragin bai zo daidai ba. A Tanzaniya kashi 3 ne, a Malawi kusan kashi 6, ragin da bai kai a yi rantsuwa a kansa ba. A Nijar kuwa kashi 18 ne. Jarirai ƴan wata 1 zuwa wata 5 su suka fi amfana: an rage kusan mutuwa ɗaya cikin huɗu.

Bari mu sauke wannan lissafi ƙasa. A garuruwan Doso da suka sha fanko, cikin yara 1,000 ana rasa wajen 27 a shekara. A waɗanda suka sha magani, wajen 22. Bambancin yara 5 ne cikin 1,000. Ke nan garin da ke da yara ƙanana 200, yaro ɗaya ne zai tsira kowace shekara. Babu wanda zai iya nuna shi da yatsa ya ce ga shi nan. Uwarsa ma ba za ta sani ba. Shi ya sa ido kaɗai ba ya ganin amfanin irin wannan magani, sai an tara garuruwa da yawa an ƙidaya. Kuma a lura: 22 ɗin nan sun rasu duk da maganin.

Masu binciken sun koma gidajen da aka yi rashi, suka tambayi iyaye irin ciwon da yaron ya yi kafin ya cika. Suka tarar an sami ragi a mutuwar da atuni ke kawowa, da ta sanƙarau, da ta ciwon huhu, har da ta zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan su ne dai masu ɗauke mana yara tun kaka da kakanni, musamman yaron da tamowa ta riga ta raunana, ko wanda garinsu ke nesa da likita.

Ƙanana kaɗai, ko da yayyensu?

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara cikin taka-tsantsan. Ta ce ƙasashen da mutuwar yara ta yi yawa suna iya raba maganin, amma ga ƴan wata 1 zuwa wata 11 kaɗai, don a rage yawan maganin da ake watsawa cikin jama'a. Sai tambaya ta taso: in an bar manyan yara, ƙananan za su tsira kamar da?

Don amsa wannan aka yi gwaji na biyu, mai suna AVENIR, daga 2020 zuwa 2023, a jahohin Doso da Tawa. Garuruwa 3,000 ne, yara fiye da 380,000. Wannan karon gida uku aka raba: inda aka ba dukan yara ƴan ƙasa da shekara 5, inda aka ba jarirai kaɗai, da inda aka ba da fanko. Sakamakon ya fito a 2024. Inda aka ba dukan yara, mutuwa ta ragu da kashi 14 cikin 100. Inda aka ba jarirai kaɗai, ragin kashi 6 ne, bai kai a dogara da shi ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, su kansu jariran sun fi tsira a garuruwan da aka ba yayyensu maganin.

Duk uwa za ta gane dalili. Jariri ba ya yawo. Yayansa ne ke wasa a bola, ya sha ruwan tabki, ya dawo da majina da zawo, ya rungumi ƙanensa, ya sa masa yatsa a baki. In an rage cuta a jikin yayan, an tare ta tun daga ƙofar gida. Wani gwaji da aka yi a Burkina Faso ya ƙara ƙarfin wannan fahimta: an ba jarirai fiye da 32,000 magani ko fanko ɗaya bayan ɗaya, lokacin da aka kai su awo, kuma ba a ga bambanci a mutuwa ba. Ashe ƙarfin abin yana ga shan gari gaba ɗaya a lokaci guda, kamar yadda feshin fara ba ya amfani in maƙwabcin gona bai yi ba.

Inda gizo ke saƙa

Ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani. Duk sanda aka sha, masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Wata rana a ba da maganin ya ƙi ci. Masu binciken sun san da haka tun farko, har ma cikin ma'anar sunan MORDOR akwai sa ido a kan wannan matsala. A Doso sun ɗebi majina daga hancin yara suka auna ƙwayar da ke kawo ciwon huhu. A garuruwan fanko, wajen kashi 3 cikin 100 ne suka bijire wa maganin. A garuruwan da suka sha shekara biyu, wajen kashi 12. Ninki huɗu ke nan. Wannan bashi ne da ake ci yau, kuma yaran gobe ne za su biya in ba a yi hattara ba. Shi ya sa rabon yake hannun ma'aikatar kiwon lafiya, da lokacinsa da ma'auninsa.

A nan zan ja kunnen iyaye maza, don mu ne masu zuwa kasuwa. Kada wani ya karanta wannan shafi ya tafi wurin masu kasa magani a rana ya sayo kafso ya ɗura wa ɗansa, wai yana rigakafi. Ba abin da aka gwada ke nan ba. Maganin da ya sha rana, wanda ba a san ma'auninsa ba, ba ya kare yaro, sai dai ya koya wa cuta taurin kai. A wurin gwajin, kowane yaro ana auna nauyinsa ko tsawonsa kafin a zuba masa rabonsa. Kuma azitromisin bai ɗauke wa kowa allurar rigakafi ba, ko kwana cikin sange, ko nonon uwa zalla har wata 6, ko maganin zazzaɓi da ake rabawa da damina.

In masu rabo suka zo garinku, ku tambaye su takardar aikinsu da sunan maganin, hakkinku ne. Ku fito da katin awo, ku faɗi ranar haihuwar yaro daidai, don jaririn da bai cika wata ɗaya ba ba a ba shi, yana iya taɓa masa mafitar tumbi. Wani yaron yakan yi ɗan amai, ko zawo, ko ciwon ciki bayan ya sha, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In abin ya zarce haka, ko yaro ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi gidan likita a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin abin da ya sha da ranar da ya sha shi.