Karatu A Inuwa Lokacin Bazara

A Kwatarkwashi, daga watan Maris zuwa Mayu, in rana ta take, dutse ya ɗauki zafi, sai kowa ya nemi inuwa. An gama sussuka, shuka ba ta zo ba, ga lokaci a hannu. Me ya fi karatu?

Sai a gwada labarun 'yan sandan ciki na ƙasar Italiya, ana samunsu da Turanci. Mutanen can suna kiransu "jallo", wato rawaya, gama kamfanin Mondadori ya soma buga su da bango rawaya a 1929. Andrea Camilleri ya fito da ɗan sandansa Montalbano a 1994, a tsibirin Sisili. A littafinsa na 2006, zafin Agusta ya gallabi Montalbano ƙwarai, duk da haka bai fasa neman wanda ya kashe wata yarinya ba. Donna Leon kuwa ta kawo Brunetti na birnin Banis a 1992, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu.

Amfaninsu shi ne, sau da yawa wanda aka fara zargi ba shi ne mai laifin ba. Mu ma in akuya ta ɓace, ko hatsi ya ragu a rumbu, nan da nan sai a nuna baƙo ko maƙwabci. Ai zato zunubi ne. A nemi shaida tukuna.

Iyaye, ku fara karantawa kafin ku miƙa wa yara, gama waɗansu wuraren na manya ne. Da maraice ku ba su labarin da Hausa, ku bar su su gano mai laifin.