Gwajin Tuƙi: Ki Haye Tun Karon Farko

'Yar uwa ta Jahun, kina son ki riƙa kai Inna asibiti Dutse da kanki, ba sai an jira Yaya ba? To sai kin cika shekara 18, ki karɓi takardar koyo, ki manna jan L a mota.

Jami'in VIO ba gudu yake nema ba, natsuwa yake kallo. Ni ribas ce ta so kayar da ni, ƙafa na rawa kan kuloci har mota ta mutu! Ki yi ta maimaita ta a fili da sassafe. Ɗaura bel, duba madubi, kunna sigina kafin kwana. Ki ɗaure mayafinki kada ya tare miki gefen ido. Takalmi mai tsini kuwa, bar shi sai ranar biki.