Fadamar Kan Rafi da Abin da Ciyawarta Ke Nunawa

Ya ku dagatai da manoman ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, ku lura da 'yan fadamun nan da ke gindin duwatsu, inda ruwa ke tsattsafowa kafin ya gangara kogi kamar Gari.

A ƙasashen sanyi na arewacin Turai, ciyawar irin wannan wuri ba ta ruɓewa sosai, don ruwa ya hana iska shiga. Sai ta yi ta taruwa, kamar milimita 1 a shekara, har ta zama baƙar ƙasa mai soso. A nan kuwa zafi da rani kan cinye ta da sauri, shi ya sa baƙar lakarmu ba ta da kauri, kuma asararta ba wuya.

Ciyawa ita ce mai ba da labarin ƙasa. Inda bado ya fito, ruwa na daɗewa. Jema da giyayya na nuna laka mai shan ambaliya da damina, wurin shinkafa ke nan. Amma inda ƙasa ta yi farin ɓawo da rani, kanwa ce ta taso, shuka ba za ta yi kyau ba.

Babban kuskure shi ne nome kan rafi har bakin idon ruwa, ko saka masa wuta. Saiwar jema ce ke riƙe gaɓa. In an tumɓuke ta, ruwan sama zai kwararo da yashi daga tudu ya binne lakar, rijiyoyin masu lambu na ƙasa su kafe tun kafin bazara. Dagaci ya tara masu gonakin, a yi iyaka, a bar wa ciyawa wurinta.